Shiga gari da ƙananan yara a Kano: adaidaita ko motar gida?

Iyaye mata, idan Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari za ku da yara, ku bar motar a gida. Neman wurin ajiye ta kaɗai zai cinye muku rabin awa, ga tafiyar ƙasa cikin cunkoso da yaro a hannu. Ku ɗauki shatar adaidaita, a gama ciniki kafin a hau.

Sai dai adaidaita ba ta da ƙofa. Yaro a tsakiya yake zama, babba a gefe. Mai goyo ta kwance shi ta dawo da shi ƙirjinta kafin ta zauna, domin da zarar an taka birki ko an faɗa rami, kan jaririn ne ke bugun ƙarfen baya. Ki tattare bakin hijabinki ki danne a cinya, taya na kama shi. Wajen sauka kuwa ta hannun dama ake fita, gefen titi, babba ya fara sauka sannan ya miƙa hannu. Kada a bar yaro ya zauna gaba kusa da direba, ko da yana kuka.

Tafiya mai nisa, ko dawowar dare, mota ta fi. Yara a baya, a saka makullin yara da ke jikin ƙofofin baya. Riƙe jariri a cinya a kujerar gaba ganganci ne, jakar iskar kariya (airbag) da ke gaban kujerar in ta fashe kansa za ta daka. A zafin Afrilu kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko na minti 5.