Darasi na 9: Ɗaura Resor Mai Mayar da Akselerata a Kan Karburata

Har yanzu akwai tsofaffin motoci masu karburata da yawa a garejojin Tahoua, musamman Peugeot 404 da 504 da tsofaffin Toyota masu kai kaya kasuwannin ƙauye. Wanda yake koyon gyaransu ya kamata ya san wani ɗan ƙarfe nannaɗaɗɗe da ake kira resor, wanda aikinsa shi ne rufe akselerata da zarar direba ya ɗage ƙafa.

A cikin maƙogwaron karburata akwai wani faifai da masu gyara suke ce wa papiyo, yana juyawa a kan wata siririyar sanda da ta ratsa jikin karburatar. Idan direba ya taka fedal, kabul yakan ja hannun da ke ƙarshen sandar, papiyo ya buɗe, iska da mai su shiga da yawa, inji ya ƙara gudu. Amma kabul ja kawai ya iya, ba ya turawa. Saboda haka idan babu resor, ko kuma ya tsinke, papiyo yana iya zama a buɗe, motar ta ci gaba da gudu alhali direba ya riga ya saki fedal.

Kafin ku taɓa komai, ku kashe inji, ku bar shi ya huce, sannan ku cire filtar iska domin ku riƙa ganin papiyo da idonku. Ku kwance kabul ɗin, ku juya hannun karburatar da yatsa. Idan kun ji yana cijewa, to matsalar ba ta resor ba ce tukuna: ƙurar hunturu da ta haɗu da tsohon mai ita ce ta fi daskarar da sandar, wani lokacin kuma kabul ne ya fara tsintsinkewa a cikin rigarsa. A wanke sandar, a canza kabul in ya lalace. Yara da yawa a gareji sukan ɗaura resor mai tauri domin ya rinjayi cijewar, kuma wannan ɓoye cuta ne kawai, domin ƙafar direba za ta gaji, kabul ɗin kuma zai ƙarasa tsinkewa da wuri.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan darasi shi ne wajen da resor zai ja. Ku dubi inda kabul yake kama hannun karburata, da kuma ɓangaren da yake ja. Idan kabul yana ja zuwa baya, wajen direba, to resor ya kama wannan wurin ko kusa da shi sosai, ya ja zuwa gaba, wajen radiyata, su biyun a kan layi ɗaya. Da haka ƙarfinsu yana ƙarewa a kan hannun, sandar ba ta ɗaukar nauyi. Akwai masu maƙala resor a ɗaya ƙarshen hannun, ƙarƙashin sanda, su ja shi zuwa baya kamar yadda kabul yake ja. Papiyo zai rufe, babu shakka, shi ya sa mai gyara yake tsammanin ya gama. Sai dai yanzu kabul da resor sun haɗu suna danna sandar gefe guda, kuma jikin karburata ƙarfe ne mai laushi, a hankali ramin da sandar take juyawa a ciki yakan faɗaɗa. Daga nan iskar da ba a auna ba ta fara shiga ta gefen sandar, ralanti, wato juyin inji sa'ad da ba a taka fedal ba, ya ƙi zama, yau ya hau gobe ya sauka, kuma duk juya bis ɗin ralanti, wato ɗan kusan da ake daidaita shi da shi, da za a yi ba zai daidaita shi ba sai an gyara ramin ko an sake karburata. A ganina wannan asara ce babba a kan aikin da bai wuce sauya wurin ƙugiya ba.

Ɗaya ƙarshen resor ɗin yana buƙatar mariƙi na ƙarfe mai kauri, ɗaure da bulon a jikin injin kansa. Kada a maƙala shi a jikin mota, domin inji yana girgiza a kan robobinsa, tsawon resor ɗin zai riƙa canzawa. Kada kuma a maƙala shi a bututun mai ko a wayar wuta. Robar cikin taya da wasu suke ɗaurawa don su isa gida ba ta jure zafin inji da mai, ranar da za ta tsinke kuwa ba ta yin sallama.

Game da tsawo, ko papiyo yana rufe ya kamata resor ya kasance a ɗan miƙe, ta yadda zai danne hannun a kan bis ɗin ralanti. Idan an taka fedal har ƙasa, kada ya miƙe fiye da ƙarfinsa, kada kuma ya goga da filtar iska ko wani abu. Ya fi kyau a sa guda 2, ƙarami a cikin babba, domin idan ɗaya ya karye ɗayan ya rufe papiyo.

Gwajin farko ana yin sa ne inji yana kashe. Mutum ɗaya ya zauna ya taka fedal har ƙasa, ɗayan ya tabbatar papiyo ya buɗe gaba ɗaya. A saki da sauri, a ji hannun ya bugi bis. Sannan a sake takawa a saki sannu a hankali, domin a nan ne resor mai rauni yake tona kansa, ya bar papiyo a ɗan buɗe. A bar wa kabul ɗan sako kaɗan. Bayan an mayar da filtar iska a maimaita gwajin, sannan a tayar da inji. Idan ya yi zafi, ralantin yawancin waɗannan motoci yana zama tsakanin juyi 700 zuwa 900 a minti.

Idan kuwa akselerata ta maƙale muku a kan hanya, misali tsakanin Tahoua da Ƙonni, ku taka ambirayaji, ku cire giya, ku taka birki ku sauka gefen hanya, sannan ku kashe inji. Idan dole ta sa ku kashe shi motar tana tafiya, ku mayar da makulli mataki ɗaya kawai, kada ku zare shi, domin sitiyari yana iya kullewa.