Ɗibar ƙashi daga ƙugu: kurakuran da ke barin majinyaci da ciwo

Da yawa daga cikin masu zuwa dashen ƙashi (wato a ɗebo ƙashi daga ƙugu a cike wani wurin da shi) a Kano, a asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, karaya ce ta ƙi kamawa, wasu bayan watanni a hannun masu ɗori. Hankalin likita yana kan karayar, sai a ɗauki ƙugun da za a ɗebo ƙashin a matsayin ƙaramin aiki. Alhali wani ƙafar za ta warke, ƙugun ya ci gaba da damunsa.

Wani kuskuren da ake yi shi ne matsawa kusa da tsinin ƙashin da ke gaban ƙugu. Wurin yana iya ɓallewa daga baya, kuma jijiyar da ke kai wa gefen cinya ji tana bi ta kusa. In aka taɓa ta, mutum zai dawo yana cewa, "Likita, cinyata ta mutu, kuma tana zugi." A bar aƙalla santimita 3 daga tsinin kafin a sa kurfi. In ta baya za a ɗiba, kada a wuce santimita 8 daga tsinin baya zuwa gefe saboda jijiyoyin fatar ɗuwawu, kada kuma a zurfafa ƙasa, akwai babbar jijiyar jini a can.

Wurin yanka ma abin dubawa ne. Bakin ƙashin nan daidai yake da inda mazagin wando ke zama, inda kuma mace ke ɗaura zani. Tabo a kansa kullum gugarsa ake yi. A sauko da yankan ƙasa kaɗan.

Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne shiga ƙugu da kayan da aka taɓa karaya mai mugunya da su. An kai ƙwayar cuta lafiyayyen ƙashi ke nan. A canja safar hannu da kayan aiki gaba ɗaya.

Sai zarin ɗiba. In ba dole ba, a ɗauki bango ɗaya na ƙashin, na ciki ko na waje, a bar ɗaya, domin babban giɓi yana iya sa hanji ya turo. A tsayar da jini sosai kafin ɗinki, a mayar da tsoka mazauninta, a yi allurar kashe zafi a wurin. Ga yara kuwa, a tsaga guringuntsin girma, wato wanda ke bakin ƙashin inda yake ƙara girma, a ɗiba ta ƙarƙashinsa, sannan a mayar da shi a ɗinke.