Yadda zaka fara tara wuƙar aljihu kai da abokanka, ka kuma yi yawo da ita lafiya

Abu na farko da nake faɗa wa duk wanda yazo majalisarmu a Garwa yana so ya shiga harkar kanif, wato wuƙar aljihu mai naɗewa irin ta da, shine kada ya fara shi kaɗai. Ka nemi mutum biyu ko uku masu hankali waɗanda kuke shan shayi tare, domin wuƙa ba'a saninta a hoto, sai ka riƙe ta a hannu ka buɗe ka rufe kaji nauyinta, kuma ba kowa ke da kuɗin sayen kowace iri ba, amma in kuna da yawa wannan yana da ɗaya wancan yana da wata, cikin ɗan lokaci hannunka ya san bambancin ƙarfe mai kyau da tarkace tun baka kashe ko dala ba.

Toh da wacce za'a fara? Ni a ganina guda uku ne suka dace damu a nan arewacin Kamaru da Cadi, saboda suna da araha kuma suna da tarihi a ƙasashen nan.

Opinel ita ce ta farko. 'Yar Faransa ce, daga yankin Savoie, Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890, mariƙinta na itace ne kuma tana zuwa da lamba lamba gwargwadon girma. Ka fara da lamba 8, bakinta santimita 8.5, tana zama a aljihun riga ba tare da ta ja shi ƙasa ba kuma ta isa yanka albasa, fere mangwaro, yanke igiya, gyara asuwaki. Akwai wani zobe na ƙarfe a wuyanta da aka ƙara a 1955, in ka buɗe sai ka murza shi ya kulle bakin kada ya dawo kan yatsunka. Daga lamba 6 zuwa sama ne suke da zoben, ƙananan basu dashi. Zaka ga an rubuta Carbone ko Inox a jikin bakin, wato irin ƙarfen da aka yi shi da shi. Carbone tafi saurin ɗaukar kaifi amma tana tsatsa in ka barta da danshi, Inox bata cika tsatsa ba amma wasa ta yafi cin lokaci. Wanda yasan ba zai riƙa goge wuƙa ba ya ɗauki Inox kawai, babu abin kunya a ciki.

Sai Douk-Douk, wadda wallahi ita nafi so a cikinsu. Gidan Cognet a garin Thiers na Faransa suke yinta tun 1929, da farko don tsibiran Melanesiya da ke tekun Pasifik aka yi ta, shi yasa akwai hoton wani dodon rawa na can a jikin mariƙin, amma can bata karɓu ba, sai tazo ta samu kasuwa a arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. Mariƙin farantin ƙarfe ne kawai aka lanƙwasa, siririya ce sosai har zaka manta tana aljihu, babu itacen da zai kumbura babu robar da zata fashe a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu. Akwai 'yar'uwarta da suka kira El Baraka, mariƙinta fari, maimakon hoton dodo an zana mata gicciyen Agadas irin na Buzaye, don musulmi aka yi ta, in ka samu tsohuwarta a hannun wani dattijo ka zauna kuyi ciniki a hankali domin ba kullum ake ganinta ba. Douk-Douk bata da makulli, wani ƙarfe ne mai tauri a bayanta yake riƙe bakin, saboda haka da hannu biyu ake rufe ta, yatsu a gefe, kar ka taɓa sa su a kan hanyar da bakin zai bi.

Ta uku Okapi. A Solingen ta Jamus aka fara yinta a 1902 don ƙasashen da Jamus ke mulka a Afirka, kuma kowa ya san Kamaru na cikinsu a lokacin, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Tana da zobe a baya, shi kake ja kafin ta rufu. Sabuwarta bata zuwa da kaifin kirki sai ka zauna ka gyara mata baki, amma ƙarfen yana da laushi, don haka ita ce mafi kyau wajen koyon washi. In ka ga mai rubutun Germany a jiki toh tsohuwa ce, ka riƙe ta.

Victorinox ta Suwizalan mai almakashi da sukudireba ita ma tana da kyau, a barta sai daga baya. Wadda zan ce ka yi hattara da ita ita ce mai suna Laguiole, sunan wani ƙauye ne a Faransa kuma ba na kamfani ɗaya bane, masu ƙera da yawa suna buga shi a wuƙa, mafi yawan masu ƙyalli da ake talla da araha daga China ko Pakistan suke.

Wajen saye ido da hannu zasu yi maka aiki. Buɗe ta gaba ɗaya ka kama bakin ta baya ka girgiza hagu da dama, in tana rawa sosai ka ajiye. Rufe ta ka duba ko tsinin ya shige cikin mariƙi, domin tsinin da ya leƙo waje shi ke yaga aljihu ya yanki yatsa. Ka duba tambari, Opinel ta gaske tana da ɗan hoton hannu da kambi a samansa an buga shi a ƙarfen ya zauna tsaf, na jabu rubutunsu a dagule yake kuma zoben ko dai yayi sako-sako ko ya ƙi juyawa. Sababbi sai ka sa wanda zai je Yawunde ko Duwala ko Njamena ya duba maka, a nan ne amfanin taro yake fitowa, kuyi ɗan adashi duk wata, wanda ya kwasa a sayo masa tashi, ko ku haɗa saƙo ɗaya kuɗin mota ya ragu. Tsofaffi kuwa suna wajen masu gwanjo, da tsofaffin direbobi, da makiyaya, da cikin adakar kakanni a gida. Dan Allah in ka samu tsohuwa kar ka kaita wajen mai injin washi, cikin minti ɗaya zai cinye rabin bakin ya goge tambarin, zafin injin kuma ya kashe taurin ƙarfen, abinda ya shekara hamsin lafiya ya lalace kenan.

Washi da hannu ake yi. Dutsen washi mai fuska biyu, ka jiƙa shi, ka kwantar da bakin sannan ka ɗaga bayansa kaɗan, kamar digiri 20, ka riƙa turawa daga gindi zuwa tsini ba tare da ka canza wannan ɗagin ba. Ka tsaya a gefe ɗaya har sai kaji wani ɗan kaushi ya fito a ɗaya gefen in ka shafa da yatsa daga baya zuwa baki, alamar ka kai ƙarshen ƙarfen kenan, sai ka juya. Ka gama a fuska mai laushi da hannu mara nauyi, sannan ka ja ta a kan fata ko bayan tsohon bel kamar yadda wanzami ke yi wa aska, baya ne ke gaba ba kaifin ba. Gwaji takarda ce ko tumatir. In da mahauci ko wanzami a unguwarku ku gayyace shi majalisa rana ɗaya ku bashi shayi ya nuna muku, abinda hannunsa ya sani yafi duk bidiyon YouTube.

Yanayinmu ma yana da nashi. Da damina itacen Opinel yana shan danshi ya kumbura bakin ya ƙi fitowa, kar ka tilasta da farce, ka buga ƙarshen mariƙin a kan benci sau ɗaya zaka ga tsinin ya leƙo, sannan ka barta ta bushe a inuwa. Da hunturu kuma itacen ya tsuke ta zama sako-sako, lokacin ne zaka riƙa kulle zoben ko a rufe take, na yanzu suna yin haka. Ƙura tana taruwa a mahaɗa, tsinken ashana ya isa cire ta. Bayan ka yanka lemo ko albasa ka goge ka busar nan take, kar a jiƙa ta a roba da kwanuka. Baƙin da Carbone take yi a hankali ba tsatsa bane, ka barshi yana ma kare ta, ja-ja ɗin nan mai kaushi shi ne tsatsa, toka da ɗan ruwa a tsumma tana fitar dashi. Wadda kake cin abinci da ita ka shafa mata man kaɗanya kaɗan, man keken ɗinki kuma ɗigo ɗaya a mahaɗar wadda bata taɓa abinci.

Kube kam muna da gata. Dukawan Marwa sun iya fata, ka kai musu wuƙar da kanta su auna, ka ce kana so ya matse kaɗan domin fata tana saki. Amma kar ka adana Carbone a cikin kube wata da watanni, fata tana riƙe danshi. Nasan wasu cikinmu suna haɗawa da wuƙar maƙeranmu da wuƙar damtse irin ta Tubawa da Buzaye, suna da kyau ƙwarai, amma waɗannan na ajiya ne a gida.

Maganar yawo da ita kuwa ba wasa. Kowa ya san halin tsaro a yankin nan, musamman hanyar Marwa zuwa Kusiri, kuma dokar makamai ta Kamaru ta 2016 ta sa wuƙaƙe masu zaman makami a cikin lissafinta. Ɗaya kawai zaka ɗauka, ƙarama, a rufe, in tafiya ce ka sa ta a jaka tare da kayan abinci. In jandarma ya tambaya ka faɗa masa kafin ya laluba, ka bar shi ya ciro da kansa, in yace sai ya riƙe kar ka yi gardama a kan titi, shi yasa tsohuwar da kake ji da ita bata bin ka tafiya. Makaranta, banki, ofishin hukuma, filin ƙwallo na Roumdé Adjia, wajen taron siyasa, duk a barta gida. Jirgin sama kuma sai a akwatin da ake aunawa. Mai saurin fushi bama karɓarsa a majalisa ko nawa yake dashi, kuma bama sayar wa yaro sai da sanin mahaifinsa.

Ranar haɗuwa ku shimfiɗa tabarma a cikin gida, a zaure ko tsakar gida inda yara basa wucewa, kowa ya ajiye nashi a rufe. Baka ɗaukar ta wani sai ka tambaya, baka gwada kaifinta a kan ƙusa ko benci, baka wasa ta wani sai ya ce ka wasa. In zaka miƙa ka rufe ta tukuna, ko ka ajiye a tabarma ya ɗauka, an hana mu miƙa takobi a zare da nuna ɗan'uwa da ƙarfe ko da wasa ne, wannan ladabin ya shafi ƙaramar wuƙa ma. Ku samu littafi ɗaya ku riƙa rubuta kowace wuƙa, irinta, daga hannun wa ta fito, wane gari, domin tsohuwar Douk-Douk da aka san ta wani direba ce da yayi shekaru yana bin hanyar Gaundare tafi daraja a wajenmu da wadda ba'a san asalinta ba. In za'ayi musaya a yi a gaban mutum na uku, a faɗi duk aibin da ke jikinta, a kuma bada mako ɗaya wanda bai gamsu ba ya dawo da ita a mayar masa da tashi.