Yadda za ka riƙa ajiye abin da ka karanta, dabarar Jonathan Edwards

'Yan makarantar tauhidi kukanku ɗaya ne kullum, mutum ya yi karatu yau, jibi ya bi iska. To akwai wani fasto a Amurka da ya yi maganin wannan tun ana hawa doki, Jonathan Edwards, haihuwar 1703, ya yi karatu a kwalejin Yale har ya koyar a can, ya horar da fastoci a gidansa. Cocinsu na Kongirigeshan ne, wato 'yan ikilisiya su ke ɗaukar fasto su ke sallamarsa, kuma fa sun sallame shi daga cocin garin Northampton a 1750 kan rigimar wa ya cancanci cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake ci a coci don tunawa da mutuwar Yesu.

Nemi littafin rubutu guda ɗaya, kar ka raba shi darasi-darasi. Duk tunanin da ya faɗo maka ka ba shi lamba da ɗan suna, kamar "12, tuba", ka zuba. In bayan wata uku ka canza ra'ayi kar ka goge na baya, buɗe sabuwar lamba ka ce a duba 12, a ƙarshen littafin kuma ka jera sunayen da lambobinsu don kar nema ya zame maka aiki. Haka Edwards ya yi sama da shekara 30 har lambobin suka kai wajen 1,400, daga ciki ya riƙa tsamo littattafansa.

An ce in yana kan doki tunani ya zo sai ya maƙala 'yar takarda a rigarsa, ya dawo gida yana cirewa ɗaya-ɗaya yana rubutawa. Kai kana da waya, naɗi murya, amma a daren nan ka kwashe cikin littafin, in ba haka ba ta kwanta cikin hotunan biki.

Yana kuma da Baibul da aka kwance aka ɗinka fararen takardu tsakanin shafukan, sharhin kowace aya na gefenta. Mai ɗinkin littafi zai iya yi maka.

Awa 13 da ake cewa yana yi a ɗakin karatu kam ban ba ka shawara ba. Matarsa Sarah ce ke riƙe da gida da 'ya'ya 11, ga bayi da ya mallaka suna aiki, abin da masu yabonsa ba sa son a taɓo. Kai da ke da gona da ziyarar marasa lafiya, minti 30 bayan addu'ar safe ya isa ka fara.