Maiƙon kai, amosani da sanƙo: a fara da wanne?

'Yan uwa, mai fama da maiƙon kai da ƙaiƙayi ga gashi yana zuba, kada ya fara da maganin sanƙo, ya fara magance amosani tukuna. Homon ɗin maza, wanda mata ma suna da shi kaɗan, shi ke sa fatar kai ta yawaita maiƙo, shi ya sa amosani ke tasowa bayan balaga. Wata ƙwayar fangas mai suna Malassezia da wannan maiƙon take rayuwa, don haka labta man zaitun a kai mai ƙaiƙayi ƙara mata abinci ne.

A nemi shamfu mai ketoconazole 2%, wato maganin kashe fangas, sau biyu a mako har mako 4. A cuɗa a fatar kai, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye. Nan ake yawan kuskure, ana shafawa ana wankewa nan take.

Idan kai ya lafa sai minoxidil, maganin sanƙo na shafawa: mililita 1 safe da dare, a busasshen kai. Makonnin farko zubar gashi kan ƙaru, kada a tsorata, sai wata 4 zuwa 6 ake ganin canji, kuma in an daina gashin zai koma zuba. Na ruwa yakan sa ƙaiƙayi saboda sinadarin propylene glycol da ke ciki, sai a koma na kumfa.

Mai jego kuwa, zubar da ke farawa wata 3 bayan haihuwa faɗuwar homon ɗin mata (istirojin) ce, yawanci tana daidaita kafin yaro ya shekara. Ta dai sassauta kitso. Ƙwayar maganin sanƙo ta finasteride kuwa ta maza ce, da izinin likita, mai ciki ko gutsurenta kada ta taɓa.