Gyaran kicin da kuɗi kaɗan: inda ya kamata kuɗin ya fara shiga

Yawancin masu gyaran kicin daga wajen kafinta suke farawa. A ga hoton kabad masu sheƙi a waya, a kai masa a ce irin wannan ake so, kuɗin ya ƙare a kan katako, alhali bututun ƙarƙashin sinki yana ɗiga, taga kuma ba ta fitar da hayaƙi. Kafin damina biyu ƙasan kabad ɗin ya kumbura, gara da kyankyaso sun samu wurin zama. In kuɗin hannu kaɗan ne, a fara da abin da ba ya gyaruwa sai an fasa gini: hanyar ruwa, hanyar hayaƙi, wayar wuta da dakalin girki. Ƙofofin kabad za su iya jira har shekara guda, babu abin da zai lalace.

Kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya, a ɗauki tef ɗin awo da alli a zana komai a ƙasan kicin ɗin: nan sinki, nan gas, nan firij. Wadda za ta yi girki a ciki ita ya kamata ta tsaya a lokacin, ta zagaya cikin zanen kamar tana aiki. Tsarin da ya fi sauƙin aiki shi ne wurin wanki, sai fili na yanka da haɗa kayan miya mai tsawon aƙalla santimita 80, sai wurin wuta. Tsakanin dakali da bangon da ke fuskantarsa a bar mita ɗaya, in da hali mita ɗaya da santimita 20, don mutum biyu su gifta juna da tukunya mai zafi a hannu. Idan sinki yana nan da lafiyarsa, a bar shi inda yake. Matsar da shi zuwa wani bango yana jawo fasa daɓe da sabon bututu, kuma a nan kuɗin gyara ya fi zurarewa.

Dakalin kankare

A ƙasar da ke da gara da zafi irin tamu, dakalin kankare ya fi teburin katako araha da ƙarko. Faɗinsa daga bango santimita 60, tsayinsa daga ƙasa 85 zuwa 90 har da tayil ɗin da za a ɗora. Hanyar gane daidai: uwargida ta tsaya ta lanƙwasa hannu, saman dakalin ya zama ƙasa da gwiwar hannunta da santimita 10 zuwa 15.

Akwai kuskuren da kusan kowane magini yake yi, wato ya zuba dakalin tsayi ɗaya daga farko har ƙarshe. Gas ɗin ɗorawa a kan tebur yana da tsayin kusan santimita 10 zuwa 15, a ɗora masa tukunyar tuwo, bakin tukunyar ya kai ƙirji. Ba a tuƙa tuwo a haka. Muciya tana son a danna ta daga sama, shi ya sa za ka ga an kashe kuɗi an gyara kicin amma ana sauke gas ɗin ƙasa duk dare. Maganin abin shi ne a sauke ɓangaren da gas zai zauna zuwa santimita 65 ko 70, tsawonsa kamar 80 zuwa 90. Bai ƙara ko sisi a kan kuɗin aikin ba, magana ce kawai da za a faɗa wa magini tun kafin ya jera bulo.

Ga lissafin dakali mai tsawon mita 2.4. Ana gina masa ƙafafu uku da bulo mai inci 6, ɗaya a kowane gefe, ɗaya a tsakiya, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce mita 1.2. Bulo 16 zuwa 18 sun isa. Kaurin kankaren santimita 6 zuwa 7. Rodi mai milimita 10: sanda huɗu a tsawo, sannan gajeru a gicciye duk bayan santimita 20, a ɗaure da waya. Rodi biyu masu tsawon mita 12 sun wadatar har da saura. Haɗin kankare kuwa kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi mai kaifi, huɗu na ƙananan tsakuwa. Kankaren kansa ba ya cinye buhu ɗaya mai kilo 50, amma da ginin ƙafafu da filasta a tanadi buhu uku. A sassaƙe bango kamar santimita 3 zuwa 5 don bakin kankaren ya shiga ciki, kuma a ɗaga rodin da 'yan duwatsu ya zauna a tsakiyar kankaren. In ya kwanta a kan katakon da ake zuba kankaren a kai, zai leƙo ta ƙasa, ya yi tsatsa, ya tsaga dakalin.

A sayi sinki kafin ranar zubi, a auna ramin da shi kansa. Haka ramin da tiyon gas zai bi, a sa guntun bututu a wurin tun kankare yana ɗanye. Fasa kankare bayan ya bushe shi ke kawo tsagewa.

Sai ban ruwa. Safe da yamma har kwana bakwai, a rufe da tsohon buhu mai jiƙa. A lokacin hunturu da bazara iska tana shanye ruwan kafin siminti ya kama, sai ka ga saman yana fitar da gari in an murza. Katakon da ya tallafe shi ya yi kwana 14 kafin a cire, ko da magini yana gaggawar kai shi wani aikin.

A ƙarƙashin dakalin a ɗaga daɓe da santimita 10. Wannan ɗan tudun shi ke hana ruwan mofin taɓa katako da buhunan abinci.

Ruwa

Bututun fitar da ruwan wanke-wanke ya zama mai inci 2. Mai inci ɗaya da rabi yana aiki a gidan da ba a girki da yawa, amma manja da kitsen nama suna daskarewa a ciki, musamman da sanyi, su haɗu da guntun tuwo da ƙasar wanke tukunya su toshe shi. A ba shi gangare na santimita 2 a kowace mita, a rage kwana-kwana iya yiwuwa. A ƙarƙashin sinki dole a sa lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ruwa a cikinsa; ruwan da ya tsaya a ciki shi ke tare wari da kyankyaso daga kwata. A waje, inda bututun ya fito, a gina ɗan akwati na bulo mai murfi wanda maiƙo zai taru a ciki a riƙa kwashewa. Idan babu shi, maiƙon yana tafiya sokawe ya like bangonsa, ramin ya daina shan ruwa.

A sa makunni na musamman a bututun da ke kawo ruwa kicin, don in famfo ya lalace a rufe shi kaɗai. Gefen sinki a bi shi da silikon, siminti yana tsagewa a wurin saboda ƙarfe yana motsi. Kafin a rufe kowane bututu da filasta, a saki ruwa a bar shi ya kwana, a duba da safe.

Manyan tukwanen suna da na azumi ba sa shiga sinki. Famfo ɗaya a tsakar gida, ƙasa-ƙasa, da ɗan daɓe mai gangare zuwa kwata ya fi sayen babban sinki amfani.

Gas, gawayi da hayaƙi

A nan ba a tsumulmula. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwantawa ya taru, don haka kulle silinda a cikin kabad marar huji haɗari ne babba. Mafi kyau silindar ta zauna a waje, a inuwa, cikin kejin ƙarfe da mai walda zai haɗa, tiyo ko bututu ya ratso bango. In dole sai a ciki, wurinta ya zama a buɗe ta ƙasa, tana tsaye, nesa da wuta da soket. Tiyo ya zama na gas na ainihi, a ɗaure bakinsa biyu da kilif, kada a yi ɗaurin roba ko waya. Duk lokacin da aka sauya silinda a shafa ruwan sabulu a mahaɗa. In ya yi kumfa, yana zuba. Tiyon da ya fara tauri ko tsattsagewa a jefar da shi ranar.

Taga ɗaya ba ta fitar da zafi. Ana son mashiga da mafita: taga a gefe ɗaya, da huji ko bulo mai ƙofofi can sama kusa da silin a wani bangon, duka da raga. Kada gas ya zauna daidai ƙarƙashin taga, iskar hunturu tana kashe wuta gas ya ci gaba da fita, labule kuma yana kamawa. Duk abin da za a kafa a saman wuta ya yi nisan aƙalla santimita 70 daga kan gas.

Murhun itace da na gawayi wurinsu waje ne, a rumfa mai rufin kwano da gefe a buɗe. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. Rumfar da ginshiƙi huɗu da kwano kaɗan ba ta da tsada, kuma ita ke hana fentin kicin ɗin ciki yin baƙi.

Wayar soket ta zama wadda ake kira milimita 2.5, ta fitila 1.5, kuma ta jan ƙarfe zalla. A yanka bakinta a duba, akwai wadda aka lulluɓe da jan ƙarfe a sama cikinta fari. Soket uku ko huɗu a saman dakali, santimita 20 zuwa 30 daga samansa, nesa da sinki da aƙalla 60. Firij ko firiza su samu nasu daban. Fitila ɗaya a tsakiyar silin tana jefa inuwar mai girki a kan abin da take yankawa, don haka a ƙara ƙarama a bangon dakalin.

Tayil, fenti da katako

Kicin mai mita 2.4 da mita 3, in za a yi masa tayil har sama, zai ci fiye da murabba'in mita 25. Saman dakali da bangon bayansa zuwa tsayin santimita 60 ba su kai 4 ba, har da kashi goma cikin ɗari na yanka da fashewa. Sauran bangon a yi masa fenti mai mai, wanda ake gogewa da soso. A saman dakali a sa manyan tayil na ƙasa, masu 60 da 60, don layin haɗi ya yi kaɗan. A cikin layin nan datti yake maƙalewa. Na daɓen kicin kuwa ya zama mai kaushi. Mai santsi in ruwan kuɓewa ya zuba a kai, faɗuwa ce. A ƙwanƙwasa kowane tayil bayan an ɗora, wanda ya yi ƙara kamar ganga babu siminti a ƙarƙashinsa, turmin dakan yaji ko tukunya mai nauyi zai fasa shi. Kwalayen kuma a saye su lokaci guda, don launi yana bambanta daga kaya zuwa kaya.

Da dakali a tsaye, aikin kafinta ya ragu zuwa firam da ƙofofi. MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, yana da kyau a ido amma yana shan ruwa ya kumbura, kada ya kusanci sinki. A nan a sa filawud mai jure ruwa, mai kaurin milimita 18, ko a ba masu aluminiyam su haɗa ƙofofin, gara ba ta cin su. Falle ɗaya na filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kafinta ya zana yadda zai yanka shi kafin a san falle nawa za a saya. A Kano ana samun katako a Na'ibawa, kayan gini da na famfo a Ƙofar Ruwa, kuma zuwa da kai tare da mai aikin ya fi aika shi shi kaɗai. Katakon firam ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a kafa. A sama, kanta biyu a buɗe sun isa ɗaukar kuloli da robobin kuka, daddawa da barkono. Kafin kuɗin ƙofofi ya samu, labule a kan waya yana rufe ƙasan dakali, ban da ɓangaren da ke ƙarƙashin wuta.

Buhunan shinkafa da masara a ɗora su a kan katako, a janye daga bango kamar tafin hannu, don danshin damina yana bin siminti ya shiga hatsi. Duk ramin da bututu ya ratsa bango a cike gefensa da siminti, ta nan ɓera yake shigowa.

Wajen biyan masu aiki, kayan a saye su da kai, kuɗin hannu a yi cinikinsa daban, a raba shi uku: kafin farawa, tsakiyar aiki, da bayan an gwada. Na mai famfo na ƙarshe ya jira sai an cika sinki taf an sake shi lokaci guda, an sa busasshen kwali a ƙarƙashi an ga bai jiƙe ba. A ware kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari na kuɗin gaba ɗaya kada a taɓa, domin da zarar an ɓamɓare tsohon filasta ko an ɗaga tsohon sinki, sau da yawa akan tarar da ruɓaɓɓen bututu ko wayar da ɓera ya ci, kuma dole a sauya su kafin a ɗora tayil a kai.