Yadda Ake Amfani da Littafin Hotuna Mai Tafiya da Yanayi a Zaman Gyaran Maganar Yara

Littafin hotuna da ya dace da lokacin da ake ciki yana rage wa mai gyaran magana aiki. Idan ana cikin damina kuka duba labarin yaron da ruwa ya tare a hanya, da an tashi zaman yaronka zai fita ya tarar da hadari, laima da taɓo. Kalmar da ya ji sau goma a bakinka zai sake jin ta a gida da makaranta ba tare da an shirya ba, kuma da maimaici ne kalma ke zama a bakin yaro.

Tsayar da buri kafin ka ɗauko littafi

Mutane da yawa littafi mai kyau suke fara saye, sannan su nemi abin da za su yi da shi. Juya lamarin. Rubuta buri ɗaya, in ya yi yawa biyu: furta sautin "k" a farkon kalma, ko haɗa kalmomi biyu, ko amsa tambayar "ina?". Da burin a hannunka za ka buɗe littafin ka ƙirga sau nawa abin da kake nema ya fito. In bai kai sau goma ba, a rubuce ko a hoto, ajiye shi ka nemi wani, komai kyansa.

Ga yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu, nemi mai jimla ɗaya ko biyu a shafi, hoto babba da ba cunkoso, da wata jimla da ke dawowa kamar amshi. Yanayin da ke cikin littafin ya zama wanda yaron ya sani da jikinsa. Labarin dusar ƙanƙara ga yaron da bai taɓa ganinta ba aiki biyu ne a kansa, sai ya gane abin kafin ya zo ga furta sunansa. Iska, sanyi, bargo da ganyen da ke zubewa sun ishe ka.

Shiri

Zaɓi kalmomi biyar zuwa takwas. Manna ƙaramar takarda a gefen kowane shafin da za ka tsaya, ka rubuta kalmar a kai. Tanadi abubuwa uku ko huɗu na zahiri da suka fito a labarin, misali laima, kofin ruwa da kwaɗon roba, ka ɓoye su a jaka. In suna fili tun farko, littafin ya rasa mai kallonsa.

Cikin zaman

A zaman minti 30, ba wa duba bangon littafin da hotuna minti uku zuwa biyar, karatu minti goma, wasa da kayan jaka minti goma, sauran kuma na iyaye ne. Zauna kuna fuskantar juna, littafin kusa da fuskarka, don yaron ya ga hoton ya ga bakinka a kallo ɗaya.

Ba dole ba ne a karanta abin da aka rubuta kalma bayan kalma, ba dole ba ne kuma a kai ƙarshen littafin. Hanyar da Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1988, wato karatun da ake musayar magana da yaro, matakai huɗu ce. Ka ja shi ya ce wani abu, ka karɓi abin da ya ce, ka faɗaɗa, sannan ya maimaita. Ka nuna hoto ka ce, "Kai! Dubi nan." Ya ce, "Ruwa." Ka ce, "E, ruwa ne. Ruwa yana zuba." Kalma ɗaya ko biyu kawai za ka ɗora a kan tasa. In ka mayar masa da jimla mai kalmomi takwas, ba zai iya kamawa ba, sai ya yi shiru.

Jira shi ne abin da ya fi wa manya wuya. Bayan ka ja shi, ƙirga biyar zuwa goma a zuciyarka kana kallonsa da fuskar mai sauraro. Yaron da magana ta yi masa nauyi yana buƙatar wannan lokacin don ya nemo kalmar ya tsara bakinsa. Da ka sake tambaya kafin ya gama, ka mayar da shi farko. A wurin amshin nan, fara jimlar ka bar masa ƙarshen: "Iska ta kaɗa, hula ta…"

Rage tambaya. "Mene ne wannan?" a kowane shafi jarrabawa ce, yara kuma suna ganewa da wuri, sai su rufe littafin. Yi bayani kamar huɗu kafin tambaya ɗaya.

Idan aikin na sauti ne, kada a haɗa komai a rana ɗaya. Yaron da ke mayar da "k" zuwa "t" yana ɗaga gaban harshe ne maimakon bayansa. Zaman farko saurare kawai zai yi, kai kana ɗan jaddada sautin a kare, kogi, kifi. Daga baya a zo kalma ɗaya-ɗaya, sannan gajerar jimla. In ya ce "tare" yana nufin kare, kada ka ce bai yi daidai ba. Nuna hoton ka ce, "Kare ne, kare ya jiƙe." Ga mai in'ina kuwa, sassauta naka saurin, kada ka ƙarasa masa kalma.

Lissafi da maimaici

Ajiye takarda a gefe kana yin alama: daidai da kansa, daidai da taimako, ko kuskure. Galibi ana matsawa mataki na gaba idan ya samu takwas cikin goma a zama biyu ko uku a jere. Littafi ɗaya zai yi zama uku zuwa huɗu. Kai ne za ka gaji da shi, shi yaron a karo na uku yake fara karɓe labarin daga bakinka.

Sai dai a kula da hadda. Wani yaron zai faɗi "laima" da zarar an buɗe shafi na biyar, amma a miƙa masa laimar gaske ya tsaya yana kallo. Shafin ya haddace, kalmar ba ta zama tasa ba tukuna. Amfanin wasan jaka ke nan, da buɗe shafuka ba bisa jeri ba, da tambayar da ke fitar da shi daga littafin: "Kai fa, me ka sa da aka yi ruwa?"

Iyaye kuma a ba su kalmomi uku kacal a rubuce, a nuna musu a gabansu yadda ake jira da faɗaɗawa, su yi minti biyar kullum. Idan makonni suka wuce ba ci gaba, ko yaron yana yawan mura da ciwon kunne a lokacin sanyi, a sa a gwada jinsa. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne yana dusashe sauti, ana iya ɗaukarsa rashin kula alhali yaron bai ji ƙarshen kalmar ba ne.